Yawon Keke a Kan Tudun Jos

Kowane ɗayanmu a wannan kwaleji, in Allah ya kai mu ga fita, zai tsaya gaban allo ya koya wa yara labarin ƙasa. Zai ɗauki alli ya zana musu dutse da kwari da kogi, ya ce su kwafa. To, mu da za mu zana, ya kamata a ce mun ga abin da idonmu, gama gani ya kori ji. Malamin da bai taɓa hawa tudu ba, in yaro ya tambaye shi ma'anar layukan nan da ke kewaye juna a kan taswira, iyakarsa ya maimaita abin da littafi ya ce.

Saboda haka nake so in yi wa 'yan'uwana ɗalibai bayanin yadda ake zaga Tudun Jos da keke. Ni da abokaina biyu mun bi hanyoyin da zan ambata a lokatan hutu. Abin da ya sa na zaɓi keke kuwa shi ne, mota takan ɓoye wa mutum ƙasa. Kana zaune ciki, ba ka san an hau ba, ba ka san an sauka ba. Tafiyar ƙasa kuma tana da nawa, ba za ka ga abu mai yawa cikin yini ɗaya ba. Mai keke shi ne a tsakiya. Duk inda ƙasa ta ɗaga, cinyarsa za ta gaya masa tun kafin taswira ta gaya masa.

Yadda Tudun Yake

Tudun Jos yana da faɗin da ya kai wajen murabba'in kilomita 8,600. Yawancinsa yana bisa teku da mita 1,200 ko fiye, mafi tsawon duwatsunsa kuwa, watau Shere, ya kai mita 1,829. Wannan tsawo shi ne dalilin sanyin da baƙi ke kuka da shi, domin duk mita 1,000 da mutum ya hau, zafi yakan ragu da kamar digiri 6. Iskar da ake shaƙa ma ta fi ta bakin teku sauƙi da wajen kashi ɗaya cikin bakwai. Shi ya sa wanda ya zo daga ƙasa mai kwari yakan yi haki a kwanakin farko, ko da ƙaƙƙarfa ne.

Duwatsu iri biyu ne mai keke zai riƙa gani. Akwai masu haske, manya manya, waɗanda suka hau kan juna sai ka ce wani ne ya jera su. Waɗannan su ne giranit. Rana da ruwa da sanyi ne suka bi tsagarsu shekaru aru aru, suka cinye gefe gefe, suka bar su a dunƙule. A cikin wani irinsu ne kuza take, ruwa kuwa ya wanko ta ya zuba cikin rafuffuka, inda mutane suka same ta. Iri na biyu baƙaƙe ne, su ne abin da duwatsu masu aman wuta suka zubar a zamanin da. In sun ruɓe sukan zama jar ƙasa mai albarka. Duk inda ka ga gonakin dankalin Turawa da masara sun yi kyau ƙwarai, dubi ƙasar wurin.

Wani abin mamaki kuma, ruwan da ya sauka a kan wannan tudu yakan rabu hanya uku. Kogin Kaduna ya taso daga wajen Vom, ya tafi ya faɗa Kwara. Gongola ya taso daga gefen gabas, ya haɗu da Binuwai a Numan. Dilimi kuwa, wanda ya ratsa garin Jos, ya nufi arewa, ya bi ta Jama'are da Komadugu Yobe, ya tasam ma Tafkin Chadi. Ashe ke nan mai keke yana iya ƙetare, cikin yini ɗaya, ruwan da zai ƙare a teku da ruwan da ba zai taɓa ganin teku ba.

Lokacin Tafiya

Damina a nan takan fara wajen Afrilu ta kai Oktoba, ta fi ƙarfi cikin Yuli da Agusta. A farkonta akan yi ƙanƙara da tsawa mai ban tsoro, a tsakiyarta kuwa hazo yakan rufe hanya da safe. Disamba da Janairu lokacin hunturu ne. Hanya a bushe take, amma ƙura tana hana ganin nesa, iska kuma tana busowa daga arewa maso gabas, ta tokare ƙirjin wanda ya nufi can. A ganina babu lokacin da ya kai ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba. Ruwa ya ɗauke, ciyawa ba ta bushe sarai ba, ana girbi, sararin sama kuma garau.

Shirin Keke

Ba lalle sai keke mai giya da yawa ba, ko da yake ya fi sauƙi. Keken nan namu na kullum yana iya yin tafiyar in an yi masa dabara ɗaya, ga ta kuwa. Faifan da feda ke juyawa yakan zo da haƙora kamar 44, ƙaramin na baya kuwa 18. Watau in ka juya feda sau ɗaya, ƙafar baya ta juya kusan sau biyu da rabi. Da yake kewayen ƙafar babban keke wajen mita 2 ne da ɗan ɗori, taki ɗaya yana kai ka fiye da mita 5. Wannan ya yi daidai a fili, amma a hawa nauyi ne. In ka sa mai gyara ya canja maka na baya da mai haƙora 22, ya ƙara tsawon sarƙa kaɗan, ƙafa za ta juya sau biyu cif, taki ya ragu zuwa mita 4 da kusan rabi. Gudu ya ragu, amma hawan da a da sai ka sauka ka tura, yanzu ka haye shi a kan sirdi. Ga lissafi mai kyau da za a ba 'yan aji shida.

Amma abin da ya fi kome shi ne burki. A ƙasa mai tudu, keke marar burki makara ce. A sa sabuwar roba gaba da baya, a ɗaure kowane noti, a gwada shi da kaya a kai tun a gida. Bayan wannan sai a sa wa sarƙa mai, a duba taya. A ɗauki famfo, da faci, da sholisho, da tiyub guda, da sifana, da fitila. Na jiki kuwa, gorar ruwa biyu, da rigar sanyi, da hular kwano ga wanda ya samu, da ɗan guzuri irin su gyaɗa da ƙuli-ƙuli da ayaba. Kada a cika kaya. Duk abin da ka ɗaura a kariya, kai za ka hau dutse da shi.

Hanya ta Fari: Jos zuwa Shere

Wannan ta rabin yini ce, da ita ya kamata sabon shiga ya fara. A soma da gidan kayan tarihi na Jos, wanda Bernard Fagg ya kafa a 1952. A can akwai gumakan yumɓu na mutanen Nok, waɗanda suka haura shekara 2,000. Masu haƙar kuza ne suka fara tono irinsu a 1928 kusa da ƙauyen Nok, wanda ke cikin Jihar Kaduna a yau. Daga nan sai a nufi gabas ta Lamingo, a wuce madatsar ruwa, a isa gindin duwatsun Shere, kamar kilomita 10 daga gari. Hawa ne a hankali, amma ba ya yankewa. A gindin dutse akwai makarantar horon shugabanci inda ake koya wa samari hawan dutse. A bar kekuna a hannun amintacce, a nemi ɗan gari ya yi jagora, a hau da ƙafa. Daga sama za ka ga garin Jos a shimfiɗe, ka ga yadda gidaje suka bi tsakanin duwatsu. Wanda ya tafi da taswira, a nan zai gane cewa inda layuka suka matsu da juna, nan ne ya yi haki.

Hanya ta Biyu: Bukuru, Vom, Riyom da Assop

Daga Jos zuwa Bukuru kamar kilomita 15 ne, motoci kuwa sun yi yawa, sai a fita da sassafe. Daga nan aka shiga ƙasar kuza sosai. Dama da hagu za ka ga tsibin jar ƙasa da tafkuna masu ruwa shuɗi ko kore. Ba halitta ba ce, ramukan haƙa ne. Kamfanonin Turawa sun fara aiki a nan tun farkon ƙarni na 20. Saboda kuza aka jawo ƙaramar hanyar jirgin ƙasa daga Zariya, ta iso a 1914, aka rufe ta a 1957, babbar hanya kuwa ta iso daga Kafanchan a 1927. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, daga 1942 zuwa 1944, an kwaso dubban mutane daga lardunan Arewa aka sa su aikin tilas a waɗannan ramuka, da yawa kuwa sanyi da cuta suka kashe su. Kasuwar kuza ta duniya ta faɗi a 1985, manyan kamfanoni suka watse, ramuka suka rage. Yanzu manoma suna jan ruwansu suna lambun rani, su kabeji da karas da tumatir. Amma ina gargaɗi, kome zafin da ka ji, kada ka shiga wanka ciki. Bakinsu a tsaye yake, suna da zurfi, ƙasansu kuwa laka ce.

Daga Bukuru a ratse zuwa Vom. A can ne cibiyar binciken cututtukan dabbobi take tun 1924. Babban abin da ta fara yaƙa shi ne bushiya, cutar da ta riƙa ƙare garkunan shanu, wadda aka ba da sanarwar kawar da ita daga duniya duka a 2011. Kusa da nan ga Kuru, inda aka buɗe cibiyar nazarin manufofin ƙasa a 1979. Wannan yanki ƙasar Birom ce. Ka lura da shingen kerana da suka kewaye tsofaffin gidaje da gonaki. A zamanin da shi ne ganuwarsu. Kada ka karya reshensa, farin ruwansa yana cutar ido.

A Riyom, a bakin hanya, ga dutsen nan sananne, manyan duwatsu a ɗore bisa juna sai ka ce iska za ta ture su, ga shi kuwa kakannin kakanni haka suka same su. Gaba da nan sai Hawan Kibo, inda tudun ya ƙare, hanya ta gangara ƙasa tana lanƙwasa. A gindinsa ne ruwan Assop ke zubowa daga kan dutse, kamar kilomita 60 da 'yan kai daga Jos. Wanda ya sauka zai ji da jikinsa abin da muka faɗa a kan tsawo da zafi. A sama ciyawa ce da iska mai sanyi, a ƙasa kuwa kurmi ne da gumi. Sai dai Hawan Kibo ya yi suna wajen haɗarin manyan motoci. Wanda hannunsa bai faɗa ba, ya tsaya a Riyom ya juyo, ko ya sa kekensa a mota. Wanda ya sauka kuma ya tuna cewa duk abin da gangara ta ba shi kyauta, zai biya a hawa.

Hanya ta Uku: Barkin Ladi, Mangu da Pankshin

Wannan ita ce doguwa, wajen kilomita 120, kwana biyu ko uku ga mai son ya ga abu. Daga Mararrabar Jama'a sai a kama hanyar Heipang, a wuce filin jirgin sama, a isa Barkin Ladi. Sunan kansa ya nuna asalin garin, watau barikin ma'aikatan kuza. Hausawa da sauran kabilu da suka zo neman aiki su ne suka bar sunayen Hausa birjik a wannan yanki. Nan fili ne shimfiɗaɗɗe, hawa da sauka kaɗan kaɗan, ga itatuwan turare da aka dasa don a rayar da ƙasar da haƙa ta ɓata. Daga nan akwai hanyar da ta tafi Kurra, inda kamfanin NESCO, wanda aka kafa a 1929, ya tare ruwa ya samar wa ma'adinai lantarki.

Mangu tana kusan kilomita 80 daga Jos, a nan ya kamata a kwana. In ka dace da ranar Jumma'a, za ka ga kasuwar masara da dankali wadda motoci ke zuwa daga nesa domin ta. Daga Mangu hanya ta ratse zuwa Gindiri, ƙasar Pyem, inda mishan ta SUM ta buɗe makarantar horon malamai da masu bishara a 1934, ta kuma buɗe ta yara makafi a 1953. Duk mai shirin zama malami ya kamata ya leƙa.

Kashegari sai Panyam, ƙasar Mwaghavul, inda aka haƙa manyan tafkunan kiwon kifi a farkon shekarun 1950. Tsakanin nan da Kerang ne za ka ga duwatsu masu aman wuta da suka mutu, a jere, kowanne kamar an kifa ƙwarya. Ba za ka rikita su da giranit ba, gama su sumul suke, ana noma har a jikinsu. Daga maɓuɓɓugar Kerang ake ɗurar ruwan kwalba na Swan. A Ampang ta Yamma kuwa akwai tafkin Pidong, wanda ke zaune cikin bakin tsohon dutse, inda wuta ta taɓa fitowa.

Daga Panyam zuwa Pankshin ƙasa ta sāke. Duwatsu sun matso, hanya tana hawa tana sauka. Nan ƙasar Ngas ce. Ka dubi jikin duwatsu, za ka ga an jera ƙananan duwatsu layi layi kamar matakala, an tare ƙasa a bayansu ana shuka acca da dawa. Wannan hikima ce ta hana zaizayar ƙasa, wadda mutanen wurin suka sani tun ba a buɗe makarantar aikin gona ko ɗaya a ƙasar nan ba.

Hawa da Gangara

A hawa, sannu ba ta hana zuwa. Ka zauna a sirdi, ka riƙe taki ɗaya wanda za ka iya magana da abokinka kana yi. In ya faskara, sauka ka tura, ba abin kunya ba ne. Ka sha ruwa tun ba ka ji ƙishirwa ba, domin sanyi da busasshiyar iska sukan ɓoye wa mutum yawan ruwan da ya fita daga jikinsa.

A gangara ne ake mutuwa. Ga ƙa'idar da ya kamata kowa ya riƙe: in gudu ya ninka biyu, nisan da keke zai ci kafin ya tsaya yakan ninka huɗu. Saboda haka a rage gudu tun kafin kwana, ba a cikinta ba. A kama burki biyu tare, a ja jiki baya kan sirdi, gama wanda ya damƙe na gaba kaɗai zai wuntsila ta kan hannun keke. A doguwar gangara kada a riƙe burki ba saki, sai a kama a saki, a kama a saki, a tsaya lokaci lokaci ƙarfe ya huce. In ruwa ya jiƙa ƙafa, roba takan yi santsi, ba ta kamawa nan da nan. A bi hannun dama, yadda doka ta ce tun 1972, a jere ɗaya bayan ɗaya. Kada kuma a kama bayan babbar mota don ta ja mutum a hawa.

Zama da Mutane

Akwai maganar da ba ta da daɗi, amma tilas a faɗe ta. Tun rikicin Jos na Satumba 2001, wannan tudu ya sha ganin tashin hankali, har da hare-haren da aka kai ƙauyukan Bokkos da Barkin Ladi cikin Disamba 2023, inda rayuka da yawa suka salwanta. Don haka ba a tashi tafiya da ka. A sanar da hukumar kwaleji hanyar da za a bi da ranar komowa. A tambayi direbobi a tasha da mutanen gari labarin gaba, matambayi ba ya ɓata. In an ce kada a bi wata hanya, kada a bi. A tafi mutum uku zuwa shida, kowa da katin shaidarsa saboda shingen jami'an tsaro, a tsaya kan babbar hanya, a kuma sauka masauki kafin la'asar ta yi sanyi.

In an shiga ƙauye, a sauka daga keke a gai da mutane. A nemi mai unguwa kafin a hau wani dutse, domin waɗansu wuraren al'ada ne, ba a shiga sai da izini. Kada a ɗauki hoton mutum sai ya yarda, kada a ratsa gona, in kuma an tarar da shanu suna ƙetare hanya, a tsaya su wuce, a yi wa makiyayi sannu. Na lura mai keke yana da wata daraja da mai mota ba shi da ita. Ya zo a gajiye, fuskarsa a buɗe, ba wanda ke jin tsoronsa. Sau da yawa kafin mu roƙi ruwa an kawo mana.

Wannan kuwa ya shafi aikinmu kai tsaye. Ajin da za a ba kowannenmu, za a sami ɗan Birom da ɗan Fulani da ɗan Ngas da Bahaushe a benci ɗaya, waɗansu ma iyayensu ba sa ga maciji da juna. Malamin da ya taɓa shan ruwa a ƙauyen kowannensu, ya san gonar da ta ciyar da shi da dutsen da ke bayan gidansu, ba zai yi saurin karɓar mugun labari a kan kowa ba, yaran kuma za su gane haka.

Shawarata ita ce, a hutu mai zuwa mu haɗu uku uku, kowace ƙungiya ta ɗauki hanya ɗaya. A tafi da ɗan littafi da fensir. A rubuta lokacin tashi da na isa, da irin dutse, da irin shuka, da inda kowane rafi ya nufa. A tsinto ɗan giranit da ɗan baƙin dutse a sa a aljihu. In mun komo mu haɗa abin da muka samo, mu zana babbar taswira ta kanmu, mu rataye ta a ɗakin karatu domin waɗanda za su zo bayanmu. Allah ya kiyaye hanya, ya kuma ba ƙasarmu zama lafiya.